Sitacin da Na Aika Tungar Marke

Litinin, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya Halilu ya kira daga gida. Wata akuyarsu ta sake mutuwa, irin mutuwar ta farko: ta yi ta zagaya wuri ɗaya, sannan ta faɗi tana shure-shure. Cikin raha ya faɗa mini, wai zaman Tungar Marke ne ya ishe ta. Na tambaye shi inda take shan ruwa. Ya ce, "Ina ko, in ba kududduhi ba?" Kududdufin bayan gidanmu yake nufi, inda ruwan wankin dutsensu ke gangarawa. Rijiyar unguwa tana gefensa.

Damina ta biyu ke nan ba mai iya zuwa gonakin gabas saboda 'yan bindiga. Da noma ya gagara, sai maza suka koma haƙo dutse, su kawo cikin gari a niƙa, a wanke, ko a dace da ɗan zinari. Na sha gaya masa akwai dalma a jikin dutsen nan, kuma yara take fara kamawa. Amsarsa ba ta canzawa: "To mi za mu ci, Salima?"

Ya miƙa wa ɗiyarsa Kyauta wayar. Ta ce, "Gwaggo, cikina shina cizo na." Na ce zan aiko mata da alewa. Ta ce ba ta son alewa, barci take so. Yarinyar da a da sai an ƙwace wayar daga hannunta.

Laraba, 18 ga Agusta, da hantsi, ɗakin gwaji

Tun bara nake kan wannan aikin, kuma ban taɓa jin yana da gaggawa ba sai yanzu. Sitacin rogo nake jiƙawa da ɗan tsami, irin wanda masu awara ke saya a kasuwa. In shanya, in gasa a obin, in wanke, in sake shanyawa, in niƙe. Idan ya kammala, garin ba ya narkewa a ruwa. A zuba shi cikin ruwa mai dalma, a juya, a bar shi ya kwanta, sai ya kama dalmar ya sauka da ita ƙasa. A tace da ƙyalle. Ruwan ya tafi, gubar ta zauna a jikin garin. Shi wannan garin da aka yi aiki da shi, rami mai zurfi ake haƙa masa, nesa da rijiya.

Na gaya wa Malam Mahmuda, shugaban sashenmu, ina so in aika da shi gida. Ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa.

"A kwalba muka gwada, Salima. Ruwan da muka aika Sakkwato a auna bai dawo ba. Kuma kin fi ni sanin ƙurar da ke tsakar gidajen nan ta fi ruwan illa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙurar ba ni da maganinta. Ruwan nake da shi."

Bai ce in yi ba, bai ce in bari ba. Ya ce in tabbata akwai wanda zai binne abin da ya saura.

Alhamis, da azahar

An ɗauke wuta ana tsakiyar gashi. Rabin tiren ya lalace.

Asabar, 21 ga Agusta, da yamma

Hannuna ya yi sayi da ɗan tsami. Inna Ramatu, da nake zaune a gidanta tun da na kama aiki a Ƙaura, ta ce duk unguwar nan ba a taɓa ganin mai wanke rogo kamar tana wa gawa wanka ba. Ta ba ni man kaɗe in shafa. Ta kuma ba ni tabarminta na shanya, ta zauna da sanda tana korar kaji.

Na samu abin da ya kusa cika buhu. Fari tas, ya fi na tuwo kyau a ido.

Talata, 24 ga Agusta, da safe

Jabiru direba ya ɗauki buhun. Shi kaɗai ya rage mai bin hanyar Dauran, kuma ba kullum ba. Na so in bi shi. Ya ce, "Malama, kaya ni ka ɗauka yanzu, ba ni ɗaukar wanda na sani." Ban yi gardama ba. Gaskiya da ya faɗi haka sai da na ji sanyi a raina, na kuma ji kunyar wannan sanyin.

Da yamma

Kayan sun isa. Na daɗe ina yi wa Yaya bayani a waya. Rabin duro, gwangwani nawa na gari, yadda zai juya, yadda zai tace kafin ya saki ruwan ya gangara. Na maimaita masa zancen binnewa har ya ce, "Na jiya, Malama, na jiya. Ko karatun allo ba a yi man haka ba." Na ce kada kaza ta tsattsaga, kada akuya ta lasa, kada yaro ya taɓa. Ya ce zai tara shi a tsohon buhu cikin zaure, ranar da aka samu lafiyar fita bayan gari ya haƙa rami.

Kyauta ta yi amai jiya, yau da sauƙi.

Juma'a, 27 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Yaya ya ce garin yana komawa ruwan toka in an tace. Abokan aikinsa sun taru suna kallo, biyu sun kawo nasu ruwan wankin an haɗa. "Ƙanwata ta yi shi," ya faɗa musu, ina jin muryarsu ta waya. Na shiga ɗaki na yi raka'a biyu.

Ban san ko dalma ce ta sa shi toka ko laka ce kawai ba. Sai Sakkwato ta yi magana.

Lahadi, 29 ga Agusta, da la'asar

Uwani, matar Yaya, ta kira da wayar Liman.

Su Yaya sun fita da sassafe zuwa ramin dutse. Wasu sun dawo.

Litinin

Na kira lambarsa. Tana shiga, ba a ɗauka.

Talata, 31 ga Agusta, da hantsi

An ɗauka. Ba shi ba ne. Ba zan rubuta abin da aka faɗa mini ba, ba na son ganinsa da rubutun hannuna. Liman ya ce in bar kira, su manya za su yi magana da su. Na ce to.

Na je aiki na wanke kwalaben da na riga na wanke jiya.

Alhamis, 2 ga Satumba, da yamma

An hana cin kasuwannin mako. Yau da Shinkafi ta ci, da masu kai hatsi ƙauyuka sun juyo ta wajenmu. Liman ya ce tiyar gero ta zama abin nema a Tunga, mai ita ba ya nunawa. Gero yana gona ya fara fitar da kai, ana hango shi daga bakin gari, ba mai zuwa.

Ya ba Uwani wayar. Ba ta iya magana ba, ni ma haka. Muka yi ta sauraren numfashin juna har Liman ya karɓi abarsa, cajinta ya kusa ƙarewa.

Asabar, 4 ga Satumba, da safe

An kashe layin waya. Duk jihar, in ji mutane. Kowa ya fito ƙofar gida yana ɗaga waya sama.

Su ma waɗanda suka tafi da Yaya ba za su iya kiran Liman ba ke nan. Ban san ko wannan alheri ne gare shi ba.

Lahadi

Ba layi.

Litinin, 6 ga Satumba, da azahar

Ina tankaɗe sabon gari a ɗakin gwaji, sai na tuna da buhun da ke zaure. Rariyar ta faɗi daga hannuna.

Yaya kaɗai na yi wa bayani. Uwani tana wajen girki ranar, na ji ƙarar turminta ta waya. Sau biyu muka yi waya da ita tun ranar da aka tafi da shi, ban ce mata komai a kai ba, bai ko zo mini a rai ba.

Ai zai gaya mata. Dole ya gaya mata. Mutum ba zai ajiye guba a zaure bai faɗa wa matarsa ba.

Bayan la'asar

Na je tasha. Jabiru ya jingine motarsa, ba mai, kuma ya ce ko da mai ba shi zuwa. Na samu wani dattijo mai keke da zai bi ta Zurmi zuwa Dauran wajen ɗiyarsa. Na roƙe shi, in ya ga ɗan Tungar Marke, ya ce a gaya wa Uwani ta gidan Halilu kada a taɓa garin da ke zaure. Ya maimaita, ya ce gidan Halidu. Na gyara masa. Ya ce in sha Allahu. Yana tafiya ina kallon bayansa, na san saƙon ba zai wuce gadar farko a kansa ba.

Alhamis, 9 ga Satumba

Ba layi. An yi ruwa mai ƙarfi. Kududdufin zai cika ya haɗe da bakin rijiya, haka yake yi duk shekara.

Asabar, da hantsi

Inna Ramatu ta dama kunu ta kawo mini. Na kalle shi, na ce na ƙoshi. Ta ce tun shekaranjiya nake ƙoshi. Ta zauna kusa da ni ta ce Uwani ba yarinya ba ce, ta san abin ci ta san wanda ba na ci ba. Na ce haka ne.

Ai zai gaya mata.

Lahadi, 12 ga Satumba

An ce wajen iyaka, in an hau tudu, ana kama layin Nijar. Ko na kama, wa zan kira? Wayar Liman tana cikin Tunga, Tunga kuma ba tudu.

Laraba, 15 ga Satumba, da azahar

Malam Mahmuda ya dawo daga Sakkwato, ya tsaya da kansa aka auna ruwan. Tun daga ƙofa yake murmushi. Ya ce garin ya kwashe kusan duk dalmar da ke cikin kwalaben, fiye da abin da muka yi zato. Ya ce aikin nan zai kai ni nesa, mu fara rubutawa.

Na tambaye shi, idan an wanke garin da ruwa bayan ya kama dalmar, tana sakinsa?

Ya ce, "Da ruwa? Ina. Ai kyawun abin ke nan, ya riƙe ta gam. Sai dai abu mai tsami sosai ya raba su."

Na san amsar kafin in tambaya. Na kuma san cikin mutum tsami ne da shi. Ya ga fuskata, murmushin ya tafi. Ya ce, "An binne kuwa?" Na ce ban sani ba, ranka ya daɗe.

Juma'a, 17 ga Satumba

Ba layi. Na yi mafarkin Yaya yana haƙa rami, yana ta haƙa, ƙasar tana komawa.

Litinin, 20 ga Satumba, bayan magariba

Sun iso. Uwani da Kyauta a bayanta, da ƙullin kaya ɗaya. Da ƙafa suka fito cikin ayarin mata zuwa Zurmi, daga can wata motar itace ta ɗauko su. Ban gane Uwani ba sai da ta yi sallama. Ƙafafunta sun kumbura, zanen ya yi mata yawa.

Da aka kwance goyon, kan Kyauta ya tafi baya. Idonta a buɗe, ba ni take kallo ba. Na ce, "Kyauta, Gwaggo ce." Haƙoranta a cije. Uwani ta ce tun Juma'a take zabura, ta sandare, ta saki. An yi tofi, an yi hayaƙi.

Mun kai ta asibiti. An sa mata ruwa, an yi allurar da ta kwantar da zaburar. Ban tambayi Uwani komai ba.

Talata, 21 ga Satumba, da hantsi, asibiti

Ba sai na tambaya ba. Muna zaune bakin gado ta kamo hannuna.

"Malama, Allah shi saka miki. Garin ga da kinka aiko, shi yat tsare mu. Da ba shi, da ban san yadda za mu yi ba."

Na ce wane gari.

"Na rogon mana. Da hatsi ya ƙare na tuna da shi. Ba shi kauri, sai na haɗa da 'yar dussa. Farin munka fara ci. Da ya ƙare na ɗauko na zaure, mai toka-tokan nan. Na wanke shi sarai, na canza ruwa ya fi a ƙirga, na shanya."

Na ce, Yaya bai ce miki komai a kansa ba?

"Ya ce kar a taɓa, na Malama na, maganin ruwa na. Na ce abin da ka gyara ruwa ai ba shi ɓata ciki. Kuma rogo na, na ɗanɗana."

Na ce zan je in nemo ruwan zafi. Na fita bayan ɗakin, wajen da ake shanya zannuwan gado, na tsuguna. Wata mai shara ta zo ta tsaya, ta ce in yi haƙuri, mai rai ba a fid da rai da shi. Ta zaci an riga an yi rasuwar.

Da la'asar

Na gaya wa likita abin da ta ci. Ya rubuta, ya ɗago ya dube ni, ya tambaya ina suka samu irin wannan garin. Na ce ni na yi shi. Ya ce maganin da ke fitar da dalma daga jini babu shi a nan, za a nema daga Gusau, amma sai mota ta je ta dawo tunda ba waya. Ya ce a duba uwar ita ma.

Laraba

Kyauta ta zabura da safe, ta zabura da azahar. Uwani tana yi mata 'yar waƙar da take yi mata in za ta yi barci.

Malam Mahmuda ya tafi Gusau da motarsa.

Alhamis, 23 ga Satumba, da yamma

Ya dawo da maganin bayan azahar.

A maƙabartar Ƙaura aka sa Kyauta. Maƙwabtan Inna Ramatu ne suka kai, ba ko ɗaya da ya san ta.

Juma'a

Mata suna ta shigowa. Ana yi wa Uwani gaisuwa, ana yi mini. Ina amsawa.

Malam ya aiko a ce mini ƙurar ma ta isa ta yi haka, dama yarinyar tana ɗauke da ita tun kafin. Mai yiwuwa. Ba wanda zai iya rabe mini wace dalma ce ta ƙura, wace ce tawa.

Asabar, 25 ga Satumba, da hantsi

Inna Ramatu ta ce kada in faɗa wa Uwani. Ta ce mace ba miji a gabanta, ba ɗiya, in kuma ɗora mata cewa da hannunta ta dama? Ta ce in bar wa Allah. Na kusa yarda. Na fi son in yarda.

Sai ga Uwani tana ba wata mai gaisuwa labarin yunwar Tunga, ta ce ita dai Allah ya rufa mata asiri da garin ƙanwar mijinta, har ta ɗiba wa maƙwabta. Da za ta taho kuma ta raba musu sauran, don kada ya lalace.

Bayan azahar

Na ja ta ɗakina na rufe ƙofa. Na faɗa mata duka, da hanyar da za ta gane. Cewa garin tsotse gubar yake yi, cewa tokar nan ita ce gubar, cewa wanki ba ya fitar da ita. Na ce laifin nawa ne, ban gaya mata ba. Ban san ko ta ji wannan ba.

Sannan ta ce, "Ranar da na fara dama mai tokar, ta sha da yawa. Kwana biyu ba ta ci komi ba. Har ta miƙo kwano na ƙara mata."

Ta tashi ta fita. Ta koma ɗakin Inna, ta juya fuska bango.

Lahadi

Ba ta yi mini magana ba. Ba layi. Ba labarin Yaya.

Akwai gidan Asabe maƙwabciyarsu a Tunga, na san yaranta ƙanana ne. Sauran gidajen ban sani ba.

Litinin, 27 ga Satumba, da la'asar

Na koma wajen Jabiru. Na faɗa masa abin da ke cikin gidajen. Ya zauna a kan tayar da yake faci, ya riƙe kai. Ya ce zai nemi mai ko galan ɗaya ne, ya kai ni Zurmi, daga nan ba shi gaba ko da mi. Daga Zurmi sai ƙafa, in an samu masu shiga.

Inna ta yi kuka, ta ce gidanmu zai ƙare a hanya ɗaya. Na ce mata kwana nawa ke nan da Uwani ta raba, wataƙila ma sun riga sun cinye. Wataƙila tafiyar banza zan yi. Amma ba na iya zama a nan ina lissafin tukwanen da ake ɗorawa.

Malam ya ba ni ragowar maganin da ya kawo, likita ya rubuta yadda ake bayarwa. Ba zai ishi yaro biyu ba.

Talata, 28 ga Satumba, da sassafe, tasha

Ina zaune a motar ana jiran ta cika, ba ta cika ba, ba za ta cika ba. Jabiru yana ta duba ƙarƙashinta.

Sai na ga Uwani tana tahowa, da hijabin Inna Ramatu, tana jan ƙafa. Na buɗe baki in ce ta koma, likita bai gama yi mata magani ba. Ta buɗe ƙofa ta zauna kusa da ni, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ke ba ki san gidajen ba."

Jabiru ya tada mota.